Barcin Mai Famfon In-Talgam

In-Talgam, 14 ga Oktoba 1984

Zuwa ga Inna Balki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan takardar nan ta iske ki lafiya, ke da mutanen gida da abokan aikinki na asibiti. Ni nan ba ni da wani ciwo da zan iya nunawa da hannu.

Na san sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ne Attahir, ɗan Kande ta Bambeye. Kakanki da kakar innata ɗaki ɗaya sunka fito. Sau ɗaya kinka taɓa ganina, ina ɗan shekara bakwai, da anka kawo ni Tawa da gyambo a ƙafa, kinka wanke shi ina ta ihu. Innata ta rasu bara da damina. Takan ce mini in abu ya sha mini kai, in tuna muna da mutum a Tawa.

Shekara huɗu ke nan ina aikin famfo a nan, tafiyar yini a mota arewa da Takanamat. Rijiyar burtsatse ce mai zurfi, inji ke ɗago ruwan. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya kwanta, ɗaya ya tsaya. Abokin aikina Mohamed ya kwashe iyalinshi ya yi kudu tun watan Agusta, da anka ga damina ta ƙi. Na rubuta ma manyanmu sau biyu a aiko wani, shiru. Matata Safi da ɗiyanmu biyu na maida su Bambeye wurin babanta.

Tafkuna sun bushe, rijiyoyin hannu sun ƙafe, duk mai dabba nan yake zuwa. Injin ba ya tsayawa. Kuma bututun ruwan da ke sanyaya shi yana yoyo, kowace awa sai na ƙara mishi, in ba haka ba ya ƙone. To, kin ga barcina: in kwanta, agogo ya kaɗa, in tashi in zuba, in koma. Shayi da goro sun daina yi mini aiki. Jiya da hantsi ina riƙe da bokiti sai na ji shi bisa ƙafata, ban san lokacin da idona ya rufe ba.

An ce akwai ƙwayar da direbobin doguwar hanya ke sha, ta hana barci. In akwai irinta wurinku, ki aiko mini ta hannun Alƙasum, direban babbar motar da ke kawo mana gazuwal, man injin. Shi zai ba ki takardar nan. Kafin a aiko mini abokin aiki kawai nake so.

Ki yi haƙuri da rubutun, a makarantar yaƙi da jahilci na koye shi.

Ɗanki,
Attahir

Tawa, 2 ga Nuwamba 1984

Attahir ɗana,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, sai gwiwa da ke tuna mini shekaruna. Allah ya jiƙan Kande. Ban ji rasuwarta ba sai a takardarka, kuma na ji kunyar haka. Gyambon na tuna shi, ƙafar hagu ce, kuma ba ihu kaɗai ka yi ba, ka cije ni. Mutanen gidan da ka gaisar babu su. Ni kaɗai ce tun rasuwar maigidana, sai maƙwabciyata Azumi da ke leƙo ni safe da yamma.

Ƙwaya ba zan aiko ba. Na ga masu shanta an kawo mana su, waɗansu daga ƙarƙashin mota anka jawo su. Ba ta maida ma mutum barcin da ya rasa, hana shi sanin ya gaji kawai take yi.

Bari in gaya maka abin da wani likita da na yi aiki a ƙarƙashinshi shekara tara ya koya mini. Babban mutum yana bukatar barcin awa bakwai ko takwas. Amma barcin ba iri ɗaya ba ne daga farko har ƙarshe. Akwai mai nauyi a cikinshi, wanda sai an girgiza ka kafin ka tashi, in ka tashi ma ba ka san gabas ba. Duka-duka bai wuce awa ɗaya da rabi ko biyu ba, kuma yawancinshi cikin awa uku ko huɗu na farko yake zuwa. Shi ke gyara jiki, shi ke sa kai ya zauna daidai. Kai kuwa, da ka fara nutsewa sai agogo ya fizgo ka. Ko guntayen nan naka sun kai awa takwas in an haɗa, ba ka samu abin da jikinka ke nema ba.

Saboda haka ga maganata, ka riƙe ta: ka kashe injin nan, kada ka ji tsoron kowa.

Ka kashe shi bayan isha'i, ka kwanta, kada ka taɓa shi sai asuba. Ka tara manyan makiyaya ka gaya musu da bakinka cewa mutum ɗaya kake. Shayi kada ya wuce la'asar. In ka faɗi, wa zai ba su ruwan?

Na sa maka ɗan gabu da yaji a ƙunshi. Ka rubuto, ko layi biyu ne.

Innarka,
Balki

In-Talgam, 9 ga Disamba 1984

Inna Balki,

Ina gaisuwa, ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. Saƙo ya iso, na gode. Rabona da miya mai ɗanɗano tun tafiyar Safi.

Na bi maganarki kwana uku. Ranar farko na kwanta bayan isha'i, ban san komi ba sai da rana ta shigo ɗaki, har asuba ta wuce ni. Na tashi ina jin hannuwana nawa ne. Gaskiyarki ce, Inna.

Amma tankin ba ya ɗaukar ruwan yini. Ran nan kafin azahar kwamin shan dabbobi ya bushe, layi ya kai har bayan tudu. Rana ta biyu anka zare takobi a bakin kwami. Rana ta uku da la'asar wani dattijon Buzaye, Rissa, wanda ke raba musu layi, ya zo ya zauna ƙofar ɗakina. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Mai famfo, raƙumana biyu sun durƙusa a layi jiya, ba su tashi ba. Ban zo don su ba. Akwai matar da ta zo daga tafiyar kwana huɗu da akuya tara, su ke shayar da ɗiyanta. Saura biyar."

Na ce mishi ni mutum ɗaya ne.

Ya ce, "Na sani. Ban san abin da zan ce maka ba." Ya tashi ya tafi.

Tun ran nan ban sake kashe shi ba. Kada ki yi fushi, na samu ƙwayar wurin wani mai wucewa. Ke kina Tawa, ba ki ga idon dabbar da ke jin ƙanshin ruwa ba ta kai gare shi.

Abin da ke ba ni tsoro daban ne. Cikin ƙarar injin nakan ji innata tana daka, har in juya. Shekaranjiya na so in faɗi sunan ɗiyata ƙarama, ya ɓace mini, sai da na zauna kafin ya dawo: Zaliha. Mutane ɗaruruwa ke kewaye da ni kullum, amma sai in yini ban yi magana da kowa ba. Suna miƙo salka, suna cewa aman, wato ruwa, ina nuna musu layi. Takardarki na cikin aljihuna, nakan karanta ta da ƙarfi don in ji Hausa.

Ɗanki,
Attahir

Tawa, 10 ga Fabrairu 1985

Attahir,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa lafiya ce ta hana ka rubutu. Na amsa takardarka tun Disamba, ban ji komi ba. Na je tasha sau uku neman Alƙasum, an ce an maida shi jigilar hatsin taimako. Wagga zan ba duk wanda ya yi arewa.

In maganata ce ta ɓata maka rai, ka yafe. Na ba ka umurni daga inuwa, ban san girman tankinka ba. Da na sani, da na ce ka nemi mutum biyu cikin makiyayan ka koya musu zuba ruwan, ko awa huɗu ka samu a jere. Har yanzu ka gwada haka.

An tura ni sansanin da anka kafa bayan gari don waɗanda dabbobinsu sunka ƙare. Ƙyanda ta shiga yara. Nakan dawo gida in kasa cin tuwo.

Ban gaya maka ba, ina da ɗa, Sidi, kusan tsaranka. Ya tafi bakin teku neman aiki shekara bakwai ke nan. Takarda biyu ya aiko, sannan shiru. Na san yadda shiru ke farawa, shi ya sa naka bai yi mini daɗi ba.

Balki

6 ga Afrilu 1985

Inna,

Ina gaisuwa. Da raina, ki kwantar da hankali. Ina tsare a barikin soja a nan arewa, wata na uku ke nan. Alƙasum ya kawo hatsi barikin, ya gan ni ina share fili, shi ya ba ni takardarki ta Fabrairu da ta faɗo hannunshi, da alƙalamin bik da wagga takarda. Ban yi fushi da ke ba.

Ga abin da ya faru. Ran goma sha biyu ga Janairu, da rana tsaka, na zuba ma inji ruwa, na zauna bisa gwangwani in ɗaure takalmi. Iyakar abin da na sani ke nan. Rissa ya ce da sunka ga hayaƙi sunka shigo, sunka iske ni zaune, kaina jingine da bango, agogo na ta kaɗawa kusa da kunnena. Sai da ya watsa mini ruwa. Injin ya riga ya ƙone.

Kwana goma sha ɗaya ba ruwa kafin a kawo wani. Masu ƙarfi sunka kora dabbobinsu kudu, da yawa ba su kai ba. Na ga abin da ya rage a bakin kwami. Matar nan mai awaki ban san inda ta yi ba.

Da sojoji sunka zo, anka caje ni, anka samu takardarki ta farko. Warƙa biyu ce, kin tuna. Ta biyun baƙin mai ya cinye ta a aljihu, ba a iya karanta komi sai sunanki a ƙasa. Ta farkon kuwa ta ƙare daidai inda kinka ce in kashe injin, kada in ji tsoron kowa. Mai fassara ya gaya ma babbansu wai an aiko mini umurni daga Tawa in lalata injin gwamnati. Sun tambaye ni wace ce Balki, su wa ke bayanta. Na ce innata ce, barci take so in yi. Sunka yi dariya. Sunanki kaɗai ke jiki, ban faɗi inda kike aiki ba. Ki ƙone takarduna.

An ce maganar tana hannun wani kaftin a Tawa. Ba a buguna yanzu. Safi ba ta san inda nake ba, in da hali a gaya mata.

Nan babu inji, babu agogo, ba abin da ke hana ni kwanciya. Amma kwanana ya ƙare, Inna. Da na rufe ido sai in zabura in nemi bokiti.

Attahir

Tawa, 29 ga Afrilu 1985

Ɗana Attahir,

Ina gaishe ka da jimiri. Ni lafiya. Kada ka sake rubuta mini cewa kwananka ya ƙare. A tsaye na karanta layin nan, na ɗauka mutuwa kake nufi, sai da Azumi ta karɓi takardar ta sa na sake karantawa, sannan na gane barci kake nufi.

Ban ƙone komi ba. Na aika ma Safi, ta ce a gaya maka yara lafiya.

Na nemi Rissa, na same shi a sansaninmu, ƙarƙashin wani yankin buhu. Shanu arba'in ya rasa, ba shi da ko ɗaya. Na ji tsoron gaya mishi ko ni wace ce. Da na faɗa, ya jawo takalminshi ya ce, "Mu tafi."

Kwana uku muna zama a benci kafin kaftin ɗin ya gan mu. Yaro ne, bai kai ka ba, ba ya jin Hausa sosai, idanunshi jajur. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ce Balkin da kuke nema." Ya ɗauko warƙata, ya sa yatsa bisa layin. Akwai fitila a teburinshi. Na ce da mai fassara, "In maigidanka ya ce ka kashe fitilar nan, fasa ta za ka yi?" Na maimaita ma kaftin ɗin da Faransanci, na ajiye takardunka uku, na nuna inda ka ce ka nemi abokin aiki sau biyu.

Kaftin ya ce, "Amma ya yi barci a bakin aiki, dabbobi sun mutu."

Rissa ya ce a fassara mishi. Da anka fassara ya ce, "Nawa ne sunka mutu, ni ya kamata in yi ƙara. Wata biyar mutumin nan bai kwanta kamar mutum ba. Da ya gwada, ni na je ƙofarshi. Raƙumi ma in ya yi tafiyar kwana uku, sauke mishi kaya ake yi."

Kaftin ya daɗe yana duba takardunka. Ya tambaye ni mutum zai iya barci zaune kusa da inji mai ƙara haka. Na ce jikin da anka hana barci ba ya neman izini, ko a tsaye sai ya karɓa. Ya riƙe takardun, ya ce zai duba. Bai yi alkawari ba, ni ma ba zan yi maka ba.

Layin nan ni na rubuta shi, kuma na san abin da ya jawo maka. Ba zan ce komi a kai ba sai mun haɗu.

Zaburar da kake yi za ta ragu a hankali. Ka kwanta lokaci ɗaya kullum. In barci ya ƙi, kada ka yi kokawa da shi, ka tashi zaune ka yi tasbihi har ido ya yi nauyi. Da rana ka yi aikin da zai gajiyar da kai, kada ka kwanta bayan la'asar.

Innarka,
Balki

Bambeye, 8 ga Yuli 1985

Inna Balki,

Ina gaisuwa, Safi na gaisuwa, yara na gaisuwa. Muna lafiya. An sake ni ran ashirin da biyar ga Yuni. An ce babu laifin ganganci, amma aiki kam an sallame ni.

Na biyo ta Tawa ran Laraba. Na tambayi gidanki, Azumi ta ce kina sansani, ta buɗe mini zaure, ta shimfiɗa tabarma. Azahar ta wuce kaɗan. Na ce bari in jingina kafin ki dawo. Kiran asuba ya tashe ni. Na ga kwano a rufe kusa da kaina, na ci, na yi sallama a ƙofar cikin gida sau uku, ba amsa. Motar Bambeye da sassafe take tashi, kuma an ce an yi ruwan shuka, surukina tsoho ne, ba mai sara mishi rami. Sai na tafi.

Na yi ta tunani a hanya. Wataƙila aiki ya riƙe ki. Wataƙila kuma wahalar da na jawo miki ta isa, kin fi son a tsaya a takarda. In haka ne ban ga laifinki ba. Na so dai in durƙusa in yi godiya da bakina.

Mun shuka gero da irin da anka raba. Ya tsiro. Ina barci yanzu, ba kullum ba, amma Safi ta ce jiya sai da ta ja ƙafata.

Ɗanki,
Attahir

Tawa, 15 ga Yuli 1985

Attahir ɗana,

Ina amsa gaisuwarku duka. Allah ya raya shuka, ya ba da damina mai albarka. Gwiwa na nan yadda ka san ta a takarda.

Na zo. Da la'asar Azumi ta aiko mini, na bar layin allura a hannun abokiyar aikina, na taho da sauri har ina tuntuɓe. Na iske ka kwance a gefenka na dama, takalmi ɗaya a ƙafa. Na kira sunanka sau biyu a hankali, ko motsi. Jaki ya yi kuka a bakin ƙofa, ba ka ji ba. Azumi ta miƙa hannu za ta girgiza ka, na riƙe ta.

Na ɗauko kujera na zauna. Na duba numfashinka, a hankali yake fita, mai tsawo, kafaɗunka sun saki. Shekara talatin ina kallon masu barci a gadon asibiti, na san irin wanga in na gan shi. Wata goma jikinka ke nemanshi, ba zan karɓe maka shi don in ji daɗin gaisuwa ba. Na kore maka ƙuda har magariba, na cire maka ɗayan takalmin, na dafa abin da ka ci. Bayan isha'i anka zo kirana, wata mata a sansani haihuwa ta zo mata da gardama. Ta sauka lafiya, namiji. Da na dawo da hantsi, tabarma a naɗe, kwano a wanke.

Ka yi furfura a gefen kai, kuma goshin Kande gare ka. Na gan ka sosai, awa huɗu ina kallonka. Muryarka ce ban sani ba har yanzu, sai ta yaron da ya cije ni.

In kun gama noman farko, ka zo ran Lahadi, ka taho da Safi da yaran. Na nemi hutun ranar tun yanzu. Ka yi barcinka a gida kafin ka taso.

Innarka,
Balki